Bidiyo na tsayawa a kwamfutata, wani kuma sai murya babu hoto

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da laftof ta hannu mai Windows 10. In na buɗe karatu a YouTube sai shi riƙa tsayawa, wani lokaci hoton ya daskare murya na ta tafiya. Bidiyon bikin ƙanwata da anka ɗauka da iPhone kuma, in na kunna sai murya, allon baƙi ƙirin. Wani shafi ya ce in sauke Flash Player, mai gyara kuma ya ce sai an yi mata fomatin. Wane zan bi? Daga wani mai karatu, unguwar Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka bi ko ɗaya tukuna.

Bari in fara da Flash, don shi ne mai haɗari. Kamfanin Adobe ya daina kula da shi ranar 31 ga Disamba, 2020, YouTube kuwa tun 2015 ya koma kunna bidiyo da wata fasaha mai suna HTML5, wadda ke cikin kowace burawuza ta yanzu, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome. Saboda haka duk shafin da ya ce maka yau sai ka sauke Flash kafin ka kalli bidiyo, ko dai tsohon kango ne da aka manta da shi, ko tarko ne na cusa maka muguwar manhaja. Rufe shi kawai.

Sauran kukan naka ba ciwo ɗaya ba ne. Tsayawar YouTube daban, baƙin allon bidiyon biki daban.

YouTube yana da ma'auni a jikinsa da mutane da yawa ba su san da shi ba. Kunna bidiyo, ka danna maɓallin dama na linzami a kan hoton, ka zaɓi "Stats for nerds". Wani ɗan akwati zai fito cike da lambobi. Layi uku kawai za ka duba. "Connection Speed" saurin intanet ɗinka ne. "Buffer Health" yana nuna daƙiƙa nawa na bidiyon aka riga aka tara a gabanka, kamar ruwan da ke cikin randa: in yana sauka zuwa sifiri, famfon ne ba ya kawo ruwa, wato netwok. Na uku shi ne layin "Frames", inda ake ƙirga hotunan da suka zube a hanya. In randa a cike take amma wannan lambar na ta hauhawa, to netwok ba shi da laifi, kwamfutar ce ta kasa ɗaukar kayan. Yadda ka ce hoto na daskarewa murya na tafiya, zargina ya fi karkata nan.

In netwok ne, lissafin a fili yake. YouTube ya ce 1080p na son kusan megabit 5 a daƙiƙa, 720p na son 2.5, 480p kuma 1.1. Buɗe fast.com, shafin auna saurin intanet, ka gwada da safe, ka sake gwadawa bayan Isha'i lokacin da unguwa duka ta hau intanet, ka kwatanta. Karatun da malami ke zaune yana bayani ba ya buƙatar 1080p. A wannan ƙarfin awa ɗaya na iya cin data sama da giga 2, alhali 480p bai fi rabin giga ba.

In kwamfutar ce, duba layin "Codecs" a akwatin nan. Kodek shi ne salon da aka matse bidiyo da shi don ya rage nauyi, kuma dole kwamfutarka ta warware shi yayin da kake kallo. In ka ga avc1, wannan H.264 ne, tsohon salo na 2003 da kusan kowace kwamfuta ke warwarewa cikin sauƙi. In ka ga vp09 ko av01, sababbi ne. AV1, wato av01, ya fito a 2018, kuma firosesan Intel na laftof (firosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta) ba su samu sashen warware shi ba sai a zubi na 11, a 2020. Laftof ɗin da ta girmi haka da ƙarfin tsiya take yin aikin. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, a akwatin da zai fito ka kalli "CPU", wato firosesa: in ta kai kashi 90 zuwa 100 bidiyo na tafiya, ka kama ɓarawonka. Rage ingancin zuwa 480p, rufe sauran shafuka, sannan in da Chrome kake kallo ka leƙa saitinsa, sashen "System", ka tabbatar "graphics acceleration" a kunne yake. Gwada bidiyon a Firefox ko Edge ma. In ya tafi lafiya a can, gyaran na Chrome ne kaɗai.

Akwai abin da masu rubuta littattafan kwamfuta a ƙasashen sanyi ba sa kawowa a ransu. A Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fanka. Firosesa in ta ji zafi rage gudu take da kanta don kada ta ƙone. In bidiyo na tafiya sumul minti goman farko sannan ya fara tangarɗa, ɗauke laftof daga kan katifa, ka kai a busa mata ƙura. Wannan aikin ne ya dace da mai gyaranka, ba fomatin ba, wanda zai iya tafiya da fayilolinka ya bar ciwon inda yake.

Bidiyon biki kuwa ya fi sauƙi. Tun 2017 iPhone ke ɗaukar bidiyo da HEVC, wato H.265, kuma manhajar kallo da ke zuwa da Windows sau da yawa ba ta da kodek ɗinsa, sai an saya a shagon Microsoft. Muryar na fita ne don nata kodek ɗin daban ne. Sauke VLC, kyauta ne, daga videolan.org kaɗai, ƙungiya ce a Faransa ke yin sa, kuma yana zuwa da nasa kodek-kodek a ciki. Buɗe bidiyon da shi, ka danna Ctrl da J, zai faɗa maka salon da fayil ɗin ke ɗauke da shi.

In VLC ya nuna hoto amma yana sarƙewa, nauyin HEVC ne ya fi ƙarfin laftof ɗin. Manhajar HandBrake za ta juya maka shi zuwa H.264, sai dai ka haɗa ta da caji, don takan ɗauki lokaci. In kuwa kullum a wuri ɗaya yake yankewa ko da VLC, fayil ɗin ne ya lalace wurin kwafa. Sai ka koma wurin wanda ya ɗauka da filasha ya sake zuba maka. Allah ya ba ƙanwar taka zaman lafiya.