Tambaya da amsa: Bidiyon waya zai iya maye gurbin kyamarar DVS?

Tambaya: Malam, ina digiri na biyu a nan Katsina. Aikina koyar da kwamfuta ƙirga Keke Napep a Ƙofar Ƙaura da bayanan kyamarar DVS, mai kama canjin haske kawai. Kyamarar ba mu da ita, takardar sayenta ta shekara tana yawo ofis-ofis. Wani mai rubuta wa ɗalibai furojet ya ce in ɗauki bidiyo da waya, in riƙa debe kowane hoto daga wanda ke biye da shi. Saura wata 2 in kare aiki, barci ma ya gagare ni.

Amsa: Kwantar da hankalinka ɗalibi, aikin zai yiwu. Akwai v2e, manhajar da su Tobi Delbruck suka fitar a Zurich, mai mayar da bidiyo ya zama irin bayanan DVS, kyauta ce. Tana cusa hotuna a tsakanin na bidiyonka da wata manhaja mai suna Super SloMo, sannan ta kwaikwayi halin fiksel ɗin DVS, wato ƙwayoyin da ke kama haske a cikin kyamarar.

Amma maganar debe hoto ɗin nan ta ishe ni, kusan kullum sai an kawo mini ita. Bidiyon wayarka hoto 30 ne a daƙiƙa, wato milisakan 33 tsakanin hoto da hoto. Fiksel ɗin DVS kuwa kowanne gashin kansa yake ci, yana ba da sigina da zarar logaridim ɗin haske, wato ma'aunin da ke duba ninki nawa hasken ya canza, ya motsa da wani mizani, da hatimin lokaci na mikrosakan. In ka debe hotuna, duk siginar sai ta taru a lokaci guda kamar an zubo ta daga buhu. Lokacin da aka ƙera kyamarar dominsa, shi ka zubar. Ga shi kuma ka auna bambancin haske kai tsaye, ba logaridim ba, don haka keken da ya shiga inuwa ɓacewa zai yi.

Sannan bayanan za su fito tas, ba hayaniya. Ina aka taɓa ganin haka? Fiksel na gaske mizaninsu bai zo ɗaya ba, wasu na harba sigina ko babu abin da ya motsa, da dare kuma jinkiri suke yi. Fitilar da ke kan wutar NEPA, mai hez 50, tana iya ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa. DVS za ta cika da wannan, wayarka mai hoto 30 kuwa ba za ta iya kama shi daidai ba. Masu furojet ɗin nan sai su horar da kwamfuta a kan bayanan bogi, su gwada ta a kan irinsu, su kawo maki mai kyau a tafa musu. Wannan ha'inci ne, ko da jahilci aka yi shi.

Bidiyon da za ka ba v2e, ka ɗauka da rana, a yanayin tafiyar hawainiya mai hoto 120 ko 240 a daƙiƙa, ka kulle hasken kyamarar, ka kafe wayar. Kada bidiyon ya bi ta WhatsApp, matsewar da yake yi kan haifi siginar ƙarya. Gwajin ƙarshe ka yi shi da DSEC, bayanan tuƙi na gaske daga Suwizalan, kuma ka rubuta ƙarara a babi na 3 cewa naka na Ƙofar Ƙaura kwaikwayo ne.