Hukuncin ɗauke uwa daga gidanta ba da son ranta ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Mahaifiyarmu ta haura shekara 75, tana gidanta a Anguwan Rogo, Jos, ni kuma ina aiki a Abuja. Na yi na yi ta dawo wurina, ta ƙi. Zan iya ɗauko ta ko ba ta so? In na bar ta, ina da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Muddin Hajiya tana cikin hankalinta, ba ka da ikon fitar da ita daga gidanta, domin tsufa ba ya cire wa mutum ikon kansa. Aya ta 23 a Suratul Isra'i ta hana ko da cewa "tir" ga iyayen da suka tsufa, balle a raba uwa da maƙwabta da 'yan'uwan da ta saba da su tana kuka. Lallashi ya halatta, tilas bai halatta ba.

Barinta a can ba laifi ba ne, yin watsi da ita ne laifin. A mazhabar Malikiyya, in iyaye ba su da hali, ciyar da su wajibi ne a kan 'ya'ya masu hali, maza da mata, kowa gwargwadon samunsa, har da ɗaukar nauyin mai yi musu hidima. Don haka ka samo mace amintacciya mai kwana tare da ita. Tura kuɗi kaɗai ba ya ɗaga tsohuwar da ta faɗi cikin dare.

Ka duba banɗakinta da idonka, don tsofaffi suna yawan zamewa a nan, kuma karayar ƙugu tana kwantar da su. A kafa ƙarfen riƙewa a bango, a ajiye kujerar wanka, a sa fitila mai caji a hanya. Sanyin Jos na Disamba da Janairu kuwa, kada a kwana da garwashin gawayi a rufaffen ɗaki. Iskarsa ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. In tana shan maganin hawan jini ko na suga, mutum ɗaya ya riƙe lissafinsa.

Hukuncin yana canzawa in gigin tsufa ya kama ta, tana barin wuta a kunne ko tana fita ta ɓata, kuma likita ya tabbatar. Manzon Allah (SAW) ya ce babu cuta, babu cutarwa. A nan ko wani cikinku ya tare a wurinta, wanda shi ya fi, ko a ɗauke ta cikin tausasawa bayan 'yan'uwa sun yi shawara.

Wallahu a'alam.