Me ya sa fw_printenv ke ce mini "Bad CRC"?

Tambaya: Malam, ina da rauta (na'urar rarraba intanet) mai OpenWrt, wato Linux na rauta. So nake in ƙara daƙiƙun da U-Boot ke jira kafin ya tada na'ura, amma daga cikin Linux, ba tare da na kwance murfi ba. Na saka uboot-envtools, da na buga fw_printenv sai ya ce "Warning: Bad CRC, using default environment". In ci gaba da fw_setenv?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, dakata tukuna. Idan ka yi rubutu a wannan halin, rautar na iya ƙin tashi gaba ɗaya.

U-Boot, wato manhajar da ke fara tada na'urar, yana ajiye saitunansa, irin su bootcmd, bootargs, bootdelay da ethaddr, a wani keɓantaccen gurbi cikin filashin na'urar. Bayit 4 na farkon gurbin lambar tantancewa ce ta CRC32. Shi kuwa fw_printenv, mai karanto saitunan, ba ya neman gurbin da kansa. Duk inda fayil ɗin /etc/fw_env.config ya nuna masa, nan yake zuwa. Layin kan yi kama da wannan:

/dev/mtd1 0x0 0x10000 0x10000

Wato sunan ɓangaren filashi, inda gurbin ya fara, girmansa, sai girman yankin da ake gogewa a lokaci guda.

In lambar CRC ba ta dace da abin da ya karanto a wurin ba, sai ya ce "Bad CRC". Saboda haka abin da ya jero maka bayan gargaɗin ba saitunan rautarka ba ne, na asali ne da aka dasa a cikin manhajar. Da zarar ka buga fw_setenv, mai rubuta saituna, su zai kwashe ya zuba a wurin da layin ya nuna. In wurin ba daidai ba ne, sai ya goge abin da ya tarar, ko da U-Boot ɗin ne kansa ko bayanan daidaita Wi-Fi da aka rubuta tun daga masana'anta. Waɗannan na ƙarshe sun bambanta daga na'ura zuwa na'ura, ba ka da inda za ka sauko da su.

Fara da cat /proc/mtd, ka nemi ɓangaren da ake kira u-boot-env. Kwafe shi da dd ka adana a kwamfutarka, sannan ka leƙa cikinsa da hexdump -C. In ka ga bootcmd= da 'yan uwansa, ka samu wuri, galibi matsalar girma ce. Nan ne mutane suka fi tuntuɓe: sai su ɗauka girman ɓangaren shi ne girman gurbin. Ba dole ba ne. Ɓangaren na iya zama 0x10000 alhali U-Boot yana amfani da 0x1000 kawai, kuma ana lissafa CRC ne a kan dukan gurbin, don haka ko kaɗan aka saɓa ba za ta yi daidai ba. Ainihin adadin shi ne CONFIG_ENV_SIZE da aka gina U-Boot ɗin da shi. In kuma ff kawai ka gani daga sama har ƙasa, ba a taɓa ajiye komai ba; sai ka haƙura ka jona wayar siriyal tsakanin rautar da kwamfutarka, ka buga saveenv sau ɗaya a cikin U-Boot. Wasu na'urori na ajiye kwafi biyu, su layi biyu suke buƙata a fw_env.config.

Sai gargaɗin ya ɓace, ka ga saitunanka na gaskiya, sannan ka buga fw_setenv bootdelay 5, wato jiran daƙiƙa 5. Ni dai ban ba da shawarar -2 ba, domin yana toshe damar katse tashi, ranar da abu ya ɓaci kuwa ita za ka nema.

Tambaya: Ni allona mai ma'adanar eMMC ne, karatu yana yi amma rubutu ya ƙi.

Amsa: In gurbin yana /dev/mmcblk0boot1, Linux na kulle shi. Rubuta 0 a cikin /sys/block/mmcblk0boot1/force_ro, ka yi gyaranka, ka mayar da shi 1.