Me ya sa ministocin Najeriya suke da yawa haka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga Shugaba Tinubu ya rantsar da ministoci 45 a 2023, alhali kullum ana kukan babu kuɗi. Shin dole ne su kai haka? Ba zai iya ɗaukar ƙwararru goma sha biyar ya yi aiki da su ba? Kuma wa ke raba musu ma'aikatu? Daga mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Goma sha biyar dai ba za ta yiwu ba, ko da shugaban ƙasa yana so. Sashe na 147 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta masa ɗauko aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, kuma ɗan asalin jihar. Tunda jihohi 36 ne, ƙasa da 36 bai halatta ba. Tushen wannan shi ne sashe na 14(3), wanda ya hana 'yan wasu jihohi ko ƙabilu ƙalilan su mamaye gwamnati. Duk wanda ya san abin da ƙasar nan ta gani daga juyin mulkin 1966 zuwa ƙarshen yaƙin basasa a 1970 zai fahimci dalilin, kuma ni ban ga laifinsa ba.

Abin da ya haura 36 kuwa lissafin siyasa ne. Buhari ya fara da 36 cif a 2015, sai ya kai 43 a 2019. Da yake ma'aikatun ba su kai yawan mutanen ba, shi ya sa kake jin "ƙaramin minista".

Shugaban ƙasa ne ke zaɓo sunaye, bayan gwamnoni da jiga-jigan jam'iyya sun yi ta kai gwauro suna kai mari, sannan ya aika wa Majalisar Dattawa ta tantance. Sharaɗin shi ne mutum ya cancanci tsayawa takarar Majalisar Wakilai. Idan sanata ne ko ɗan majalisa, da zarar ya yi rantsuwar minista kujerarsa ta tafi. A Jamhuriya ta Farko ba haka abin yake ba: ministocin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, irin su Muhammadu Ribaɗu na tsaro, daga cikin majalisa aka ɗauko su, a cikinta kuma suka ci gaba da zama. A da babu wa'adin miƙa sunaye, shi ya sa Buhari, wanda ya hau mulki ranar 29 ga Mayun 2015, bai rantsar da nasa ba sai 11 ga Nuwamba. Gyaran da aka yi wa kundin a 2023 ya ƙayyade kwana 60.

Rabon ma'aikatu hurumin shugaban ƙasa ne shi kaɗai, ƙarƙashin sashe na 148. Yana iya sauya wa minista wuri ko ya sallame shi ba tare da neman izinin kowa ba, yana iya riƙe wata ma'aikatar da kansa, kamar yadda Obasanjo da Buhari suka riƙe ta man fetur. Kujerar Antoni Janar ce kundin ya gindaya wa sharaɗin sana'a: sai lauyan da ya yi aƙalla shekara goma da samun izinin aiki.

To, a nan ne abin ke damuna, Malam, fiye da yawan da ka yi kuka da shi. Ana aika sunaye majalisa babu bayanin ma'aikatar da kowa zai riƙe. Ta yaya sanata zai gwada wanda bai sani ba ko asibitoci za a damƙa masa ko wutar lantarki? Sai a ɓuge da tambayoyin gama-gari, wani ma a ce ya rusuna ya wuce don ya taɓa zama ɗan majalisa. A 2023 sai da majalisa ta gama amincewa da 45 cikin 48 kafin a bayyana ma'aikatar kowa. Babu sashen da ya hana shugaban ƙasa haɗa kowane suna da ma'aikatarsa tun farko, kuma da sanatoci za su dage a kan haka, da wanda za a ba lafiya ya san cewa a kan ƙarancin likitoci da mutuwar mata wurin haihuwa za a yi masa tambaya.