Amsa: ɗan shekara 15 a gasar hokin ƙanƙara ta Kanada

Ɗan'uwa, ka tambaya ko yaro ɗan shekara 15 zai iya shiga babbar gasar matasa ta Kanada. A ƙa'ida sai ya kai 16, amma hukumar Hockey Canada na ba da izini na musamman. John Tavares ne ya fara samu a 2005, Connor McDavid a 2012.

Ba ƙwarewa kaɗai ake dubawa ba. Ana zama da yaron, a auna karatunsa da hankalinsa, don zai bar gaban iyayensa ya zauna gidan wasu, yana karo da ƙarti 'yan shekara 20 a jikin katangar filin wasa. Wallahi nan ne hankalina bai kwanta ba. Sean Day ya samu izinin a 2013, amma sai a zagaye na uku na zaɓen sababbin 'yan wasa wata ƙungiyar NHL, babbar gasar ƙwararru ta Arewacin Amurka, ta ɗauke shi a 2016.