Shin cin kofin AfroBasket na kai ƙasa Olamfik?

Malam, ka tambaya ko wanda ya ɗauki kofin kwallon kwando na maza na Afirka, wato AfroBasket, yana samun gurbin Olamfik kai tsaye. A da haka ne. A 2015 a Tunisiya, D'Tigers na Najeriya suka doke Angola da ci 74 da 65, kofinsu na farko ke nan, kuma shi ya kai su Rio 2016.

Amma daga 2017 hukumar kwallon kwando ta duniya, FIBA, ta sauya tsari. Yanzu ƙasar Afirka da ta fi taɓuka abin kirki a gasar cin kofin duniya ita ke samun gurbin. Ta nan Sudan ta Kudu ta bi a 2023 ta je Olamfik na Faris. Ni dai a ganina sauyin ya rage wa AfroBasket armashi.