Yadda Friedrich Bauer ya tashi daga lissafi ya koma kwamfuta

Malam, tambayarka ita ce yaya aka yi Friedrich Bauer ya zama farfesan kimiyyar kwamfuta alhali bai karance ta a jami'a ba. Amsar ita ce, a zamaninsa babu wannan kwas ɗin sam a Jamus, shi da abokan aikinsa ne suka kafa shi. Lissafi da fiziks ya karanta a jami'ar Ludwig Maximilian da ke Munich, ya yi digirin dakta a 1952, ya yi koyarwa a Mainz daga 1958, sannan ya dawo jami'ar fasaha ta Munich a 1963 a matsayin farfesan lissafi. A 1967 ya fara ba da darussan kwamfuta a can, kujerar farfesan wannan fanni kuwa sai a 1972 ya hau ta.

Amma kar ka ɗauka sauya suna kawai aka yi masa. Tun a 1957 shi da abokin aikinsa Klaus Samelson suka yi rajistar haƙƙin mallakar dabarar jera bayanai kamar tarin faranti, na ƙarshen ajiyewa shi ne na farkon ɗauka, kuma da hannun Bauer a ƙirƙiro ALGOL, wani harshe na rubuta manhajar kwamfuta. Ni a ajin da nake koyarwa, ɗaliban da suka ƙware a aljabara su ne ba sa wahala da wannan dabara, sauran kuwa sai na kawo faranti na gaske aji kafin ta zauna musu.